Keke Naka, Sawu Nasu

Duk wanda ya sayi keke don motsa jiki ko don shan iska a ƙarshen mako ba ya daɗewa kafin a tare shi da tambaya: wace na'ura zai ɗaura a kan keken, kuma a wace manhaja zai riƙa ajiye tafiye-tafiyensa? Garmin ko Wahoo? Strava ko Komoot? Mujallun keke na Turai da Amurka da masu sharhin kaya a YouTube sun mai da wannan tambaya sana'a. Kowace shekara sai sun jera na'urori, su auna faɗin allo da ƙarkon batir, su naɗa gwarzo, kuma sau da yawa gwarzon yana cikin mafiya tsada. Na'urar Edge 1050 da kamfanin Garmin ya fitar a 2024 ta shiga kasuwa a kan dala 700. A canjin lokacin kuɗin ya kai kimanin naira miliyan ɗaya, wato albashin kusan wata 15 ga ma'aikacin Najeriya da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Tambayar kanta karkatacciya ce, kuma da gangan aka karkatar da ita. Tana sa mai saye ya duƙufa wajen kwatanta alluna, ya manta da abubuwa uku da suka fi allo nauyi: abin da ƙididdiga ke yi wa jin daɗin hawan keke, wanda ke kallon sawun mahayi bayan ya koma gida, da wanda ke riƙe da makullin tarihin tafiyarsa. Idan aka ɗora waɗannan a ma'auni, hukuncin ba shi da wuya. Mafi yawan masu hawan keke don nishaɗi ba su da buƙatar na'ura mai tsada, kuma yarjejeniyar da manyan manhajoji ke miƙo musu ta fi amfanar kamfani nesa ba kusa ba.

Abin da ake sayarwa kyauta ne tun asali

Tsarin GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, ma'aikatar tsaronta ce ta gina shi. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala a 1995, kuma a watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina dagula saƙon da farar hula ke samu, wanda a da ake yi da gangan. Taurarin suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana shelar inda yake da kuma lokacin da agogonsa ya nuna. Na'urar da ke ƙasa saurare kawai take yi. Idan ta ji muryar taurari huɗu, sai ta lissafa tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gano inda take, da kuskuren 'yan mitoci a fili. Rasha na da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma duka a buɗe suke ga kowa.

Wannan bayani yana da muhimmanci saboda dalili ɗaya. Gano wuri ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis, ba ya buƙatar rajista da kowa. Wayar da ke aljihun mahayi, ko da mai sauƙin kuɗi ce, tana sauraron taurarin nan, kuma za ta iya zana hanyar da aka bi a ƙauyen da babu turken sadarwa ko ɗaya. Saboda haka duk kamfanin da ya ce sai an buɗe asusu a rumbunsa kafin mutum ya ga taswirar tafiyarsa, sharaɗin kasuwanci ya gindaya. Fasahar ba ta nemi haka ba.

Adalci ne a faɗi abin da na'urar keke ta fi waya da shi, domin akwai. Batirinta yakan yi awa goma sha biyar ko ashirin ko fiye, alhali waya da allonta a kunne cikin rana takan gaza tun tafiya ba ta yi nisa ba. Ana iya karanta allonta da tsakar rana. Tana jure ruwan sama da ƙura da jijjiga. Yawancinsu na ɗauke da ma'aunin nauyin iska, wanda ya fi taurari iya faɗin tsawon hawan da aka yi. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi wayarsa don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai ya san makomar wayar da aka ɗaure a kan keke da azahar. Sai dai duk waɗannan fa'idodi ana samunsu a ƙananan na'urorin kamfanoni irin su Bryton na Taiwan da iGPSport na Sin, da ma ƙananan samfuran Garmin da Wahoo, a kan wani yanki kaɗan na dala 700.

To me ake biya da ragowar kuɗin? Ana biyan lissafin da aka tsara don 'yan tsere: ƙarfin da ƙafa ke zubawa a kan feda, nauyin atisayen mako, awannin da jiki ke buƙata kafin ya farfaɗo, hasashen yawan iskar da jiki ke iya sarrafawa. Ɗan tseren da ke shirin gasar Tour de France yana da koci da likita da ke fassara masa waɗannan alƙaluma, kuma abincinsa ya rataya a kansu. Ma'aikacin da ke fita kilomita talatin da safiyar Asabar ba shi da gasar da yake jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma agogon hannu ya isa ya auna wannan. Ma'aunin matsakaicin ƙoƙari ma tsoho ne kuma kyauta: idan mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, ya kai inda ake so.

Yadda ƙidaya ke cinye daɗi

Masu tallan na'urori suna da amsa a shirye: ko mutum ba ya buƙatar alƙaluman, ai ba za su cutar da shi ba. Bincike bai goyi bayansu ba. A 2016 Jordan Etkin ta Jami'ar Duke da ke Amurka ta wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ta yi a kan mutanen da aka sa su tafiya a ƙafa, ko karatu, ko shafa launi a zane. Waɗanda aka nuna wa ƙididdigar abin da suke yi sun fi sauran yawan aiki, amma sun fi su ƙarancin jin daɗinsa, kuma abin da suka fara a matsayin shaƙatawa ya koma musu kamar aikin dole. A shekarar ce kuma mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken Jami'ar Pittsburgh a kan matasa kimanin 470 masu neman rage ƙiba. Bayan shekara biyu, waɗanda aka ba na'urar auna motsi sun rage kilo 3.5, waɗanda ba a ba su ba sun rage kilo 5.9. Binciken biyu ba a kan keke aka yi su ba, amma sun isa su rushe da'awar cewa ƙidaya ba ta da wata illa.

Manhajar Strava, wadda Mark Gainey da Michael Horvath suka kafa a 2009, ta ɗauki wannan rauni na ɗan'adam ta gina kasuwa a kansa. Dabararta mafi shahara ita ce yanka hanyoyi zuwa zanguna. Kowane hawa, kowace gangara, kowane miƙaƙƙen titi yana iya zama zango, kuma duk wanda ya bi ta wurin sai a jera sunansa a allon gasa tare da duk wanda ya taɓa bi. Wanda ya fi kowa sauri a ba shi kambi da sarautar tsauni. Mutumin da ya fito shan iska sai ya tsinci kansa cikin tseren da bai yi rajistarsa ba, a kan titin da ba a rufe wa motoci ba, babu alƙali, babu motar asibiti. Har masu amfani da manhajar suka ƙirƙiro wata ba'a da ta zama kamar aƙida, wai tafiyar da ba a ɗora a Strava ba, ba a yi ta ba.

An riga an biya farashin wannan da rayuka. A watan Yunin 2010 wani mahayi ya mutu a gangarar wani tsauni kusa da birnin Berkeley a jihar Kalifoniya, yana gudun da ya wuce ƙa'idar hanyar. Iyalinsa sun kai kamfanin ƙara a 2012, suna cewa ƙoƙarin ƙwato sarautar zangon yake yi bayan wani ya karɓe ta. Kotu ta kori ƙarar a 2013, bisa hujjar cewa mahayi ya san haɗarin abin da ya sa kansa. A 2012 kuma wani mahayi ya buge dattijo mai shekara 71 da ke tsallaka titi a San Francisco, dattijon ya rasu, bayanan da manhajar ta naɗa suka shiga cikin hujjojin gudun da mahayin yake yi, daga bisani ya amsa laifin kisa ba da niyya ba. A shari'ance kamfanin ya fita, kuma ya ba masu amfani damar yi wa zango alamar haɗari. Amma wanda ya kafa allon gasa a kan gangarar da jama'a ke bi ba zai ce bai san abin da yake kira ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sawun da ba ya gogewa

A watan Nuwambar 2017 kamfanin Strava ya fitar da taswirar duniya da ke haskaka duk hanyar da masu amfani da manhajar suka bi, tarin tafiye-tafiye biliyan ɗaya. Talla aka yi nufi da ita. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan ƙasar Ostireliya mai shekara 20 ya lura da wasu zare-zaren haske a tsakiyar duhun Siriya da Afganistan, inda mazauna ba sa amfani da manhajar. Sawun sojojin ƙasashen waje ne da ke gudun motsa jiki a kewayen sansanoninsu. Cikin kwanaki kaɗan masu bincike suka gano irin wannan a Jibuti da yankin Sahel, har da hamadar Nijar. Taswirar ta nuna siffar sansani, da hanyoyin da ke cikinsa, da waɗanda ake bi a fita. A watan Agustan wannan shekara ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen aiki kunna irin waɗannan na'urori. A shekarar ce kuma aka gano ɓaraka makamanciyar wannan a manhajar kamfanin Polar na ƙasar Finlan, wadda ta kai ga fallasa sunaye da gidajen jami'an soja da na leƙen asiri.

Da an ɗauki darasi, da labarin ya tsaya nan. A watan Oktoban 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna cewa ta bi sawun masu tsaron lafiyar Emmanuel Macron da Joe Biden da Vladimir Putin ta shafukansu na Strava, har ta iya gane otal ɗin da shugaba zai sauka tun kafin ya iso, domin dogaransa sun riga shi zuwa sun fita gudun safe. 'Yan jaridar ba su yi kutse ba. Abin da aka baje a fili suka karanta.

Mai karatu zai iya cewa shi ba soja ba ne, ba kuma dogarin shugaba ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tafiyar keke daga ƙofar gida take farawa, a ƙofar gida take ƙarewa. Wanda ya ɗora tafiya ashirin a shafin da kowa ke gani ya sanar da duniya unguwarsu da layinsu, da ranakun da yake fita, da ƙarfe nawa, da awa nawa gidan ke zama babu shi, da wurin da yake tsayawa shi kaɗai ya sha ruwa. Idan ya haɗa da hoton keken da sunan samfurinsa, ya faɗi darajar abin da ke jingine a zaure. Rundunonin 'yan sanda da dama a Birtaniya sun daɗe suna gargaɗin cewa ɓarayin kekuna masu tsada suna bibiyar irin waɗannan shafuka. A ƙasashen da garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta zama ruwan dare, jadawalin mutum na mako-mako ya fi kekensa tsada. Ga mace kuwa, wadda wani ke bibiya ba da sonta ba, taswirar nan jagora ce aka miƙa masa.

Kamfanonin suna cewa sun samar da mafita, wato damar ɓoye farko da ƙarshen hanya. A 2022 masu bincike a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam suka gwada wannan kariya. Sun lura cewa ko an rufe yankin gida a taswira, manhaja tana ci gaba da nuna jimillar nisan tafiyar, har da ɓangaren da aka ɓoye. Wanda ya san nisan da ya ɓace, ya san inda hanya ta shiga yankin, kuma yana da taswirar titunan unguwa, lissafi kaɗan ya rage masa. A gwajinsu sun gano wurin da aka ɓoye har a kashi 85 cikin 100 na wasu rukunan tafiye-tafiyen. Kamfani na iya toshe wannan ƙofa gobe, wata ta ɓullo jibi, domin tushen matsalar yana nan daram: ribar manhajar zumunta tana ƙaruwa ne da yawan abin da mutane suka baje. Shi ya sa bajewa take da sauƙi, rufewa kuma sai an bi saituna ɗaki bayan ɗaki.

Haya a gidan da mutum ya gina

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shekara goma masu hawan keke suna zana zanguna, suna cika allunan gasa da guminsu, kamfani yana tara dukiyar da ba shi ya yi wahalarta ba. A watan Mayun 2020 Strava ta rufe cikakken allon gasa da na'urar tsara hanya, ta ce sai mai biyan kuɗin rajista; wanda ba ya biya goman farko kawai zai gani. A farkon 2023 kuɗin shekara a Amurka ya tashi daga dala 60 zuwa dala 80, kuma an yi ƙarin ne cikin ruɗani har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. A watan Nuwambar 2024 aka tsaurara sharuɗɗan da ƙananan manhajoji ke bi su karɓi bayanan mahayi daga Strava, ko da mahayin ne da kansa ya ba su izini. Bayanan bugun zuciyar mutum ne, ƙafarsa ce ta taka fedar, amma wani ne ke yanke hukuncin inda za a kai su.

Masu na'ura ma sun bi sahu. A watan Maris na 2025 Garmin ya ƙaddamar da Connect+, rajistar wata-wata ta kimanin dala 7, ga mutanen da suka riga suka biya ɗaruruwan daloli suka sayi na'urarsa. Kamfanin ya yi alkawarin cewa abin da yake kyauta zai ci gaba da zama kyauta. Ko da ya cika alkawarin, an riga an kafa katanga, kuma kamfani ne ke zaɓar ɓangaren da kowace sabuwar fasaha za ta faɗa. A ƙarshen Satumbar wannan shekara kuma Strava ta maka Garmin a kotu a kan haƙƙin mallakar dabarar zanguna da taswirar sawu, ta janye ƙarar bayan mako uku. Mahayin da na'urarsa ta wannan kamfani ce, tarihinsa kuma yana wancan, ya zama ɗan kallo a rigimar da ake yi a kan kayansa.

Akwai kuma ranar da rumbun ke rufewa. A ranar 23 ga Yulin 2020 masu kutse suka kulle kwamfutocin Garmin suna neman fansa, manhajar Garmin Connect ta tsaya cik na kwanaki, miliyoyin mutane suka kasa ɗora tafiyarsu ko duba tarihinsu. A watan Janairun 2025 wani gurɓataccen fayil da kamfanin ya tura ya sa agoguna da na'urorin keke da yawa suka maƙale a allon farko, suna nuna wata alama shuɗiya mai kusurwa uku. Wasu rumbunan kuwa rufewar har abada suka yi. Kamfanin Under Armour ya sayi manhajar Endomondo a 2015 a kan dala miliyan 85, ya kashe ta a ƙarshen 2020. Google ya kashe My Tracks a 2016. Strava ta sayi manhajar taswirar tsaunuka ta FATMAP a 2023, ta rufe ta a 2024. Komoot ta Jamus, wadda masu yawon buɗe ido a keke suka yi shekaru suna cika ta da hanyoyi da hotuna da shawarwari, an sayar da ita a watan Maris na 2025 ga kamfanin Bending Spoons na Italiya, kuma ba a jima ba aka sallami mafi yawan ma'aikatanta. Kayan aro ba ya rufe katara. Tarihin tafiyar shekara goma da ke zaune a rumbun wani kawai, aro ne, ko da sunan mai shi na rubuce a kai.

Abin da masu kare su ke faɗa

Hujjarsu ta farko ita ce ƙarfafa gwiwa: akwai wanda ba zai tashi da asuba ba in ba don abokai za su ga ya fita su jinjina masa ba. Gaskiya ne, kuma wanda manhaja ta raba da kujera ya ci riba. Amma abin da ke tayar da shi idon abokansa ne, kuma abokai goma da ya sani sun wadatar. Babu dalilin da zai sa sai baƙo daga wata nahiya ya ga layin gidansu kafin ya samu kuzari.

Ta biyu ita ce tsaro, kuma ita ce mafi ƙarfi. Na'urar Varia ta Garmin, wadda ake ɗaurawa a bayan sirdi, tana hango motar da ke tahowa daga nisan mita 140 ta sanar da mahayi. Wasu na'urori na aika saƙo ga iyali idan suka ji alamar faɗuwa. Wanda ke tafiyar kwanaki a ƙasar da bai sani ba yana buƙatar jagorar hanya mai batir da ba zai yanke ba. Waɗannan amfanoni ne na haƙiƙa, kuma wanda yake buƙatarsu ya saya ba tare da jin kunya ba. Abin lura shi ne babu ɗaya cikinsu da ya dogara da allon gasa ko buɗaɗɗen shafi. Sanar da matar gida ko ɗan'uwa inda mutum yake a wannan sa'a abu ne da WhatsApp ma ke yi.

Ta uku ita ce amfanin jama'a. Ta shirinta na Metro, Strava na ba hukumomin tsara birane bayanan zirga-zirgar kekuna, kuma tun 2020 kyauta take bayarwa. Sai dai taswirar tana nuna waɗanda ke da manhajar ne kawai, wato galibi masu hali da ke hawa don wasa. Leburan da ke tuƙa keke zuwa wurin aiki, da ɗan makaranta, da mai kai kaya kasuwa, ba sa haskawa a cikinta, alhali a birane da yawa su ne suka fi yawa kuma su mota ta fi bugewa. Birnin da ya tsara hanyoyinsa da wannan taswira kaɗai zai yi wa mai shaƙatawa hidima ya tsallake mai neman abinci.

Ma'aunin zaɓe

Wanda ya kai nan yana son ya san abin da zai yi, ga tsarin da ya fi jerin gwarzaye amfani.

Ya fara da abin da yake son sani. Idan sauri da nisa da lokaci ne kawai, ƙaramin ma'aunin nan irin na kamfanin Cateye na Japan, mai ɗan maganaɗisu da ake maƙalawa a ƙafar keke, yana faɗar su daidai, batirinsa ɗan mitsitsi yakan yi watanni da yawa, kuma bai san inda gidan kowa yake ba. Idan taswirar tafiya yake so, waya a aljihu, allo a kashe, ta isa. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps da OpenTracks suna naɗar hanya su ajiye ta a cikin wayar ba tare da asusu ba, kuma biyun farko suna aiki da taswirar OpenStreetMap da ake saukewa tun a gida. Sai tafiya ta riƙa wuce awa huɗu ko biyar, ko zafi ya riƙa kashe waya, ko ana bin baƙuwar hanya, sannan na'ura ta cancanci kuɗinta, kuma ƙarama ko wadda ta kwana biyu a kasuwa za ta yi aikin.

Kafin ya biya, ya tambaya ko na'urar tana ba da fayil ɗin tafiya, irin GPX ko FIT, ta hanyar jona ta da kwamfuta, ba sai an bi ta rumbun kamfani ba. Ya tambaya wane aiki ne zai tsaya idan ya ƙi biyan kuɗin wata. Ya duba ko taswirar da ke ciki ta san hanyoyin yankinsu, domin taswirar da ta cika a Holan tana iya zama fili fetal a wani wuri. Idan ya zaɓi shiga manhajar zumunta, ya rufe shafinsa tun ranar farko, ya cire kansa daga taswirar sawu, ya karɓi waɗanda ya sani ido da ido kawai, ya riƙa kunna naɗi bayan ya yi nisa da gida ya kuma kashe kafin ya iso. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya sauke dukan tarihinsa ya adana a wurinsa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da takwararta ta Najeriya ta 2023, duka sun ba mutum haƙƙin neman kwafin bayanansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da kamfani ya sanar da rufewa ba ita ce ranar fara neman ƙofar fita ba.

Ragowar kuɗin yana da wuraren zuwa da suka fi allo: tayoyi masu kyau, birki mai kamawa, fitilar gaba da ta baya, hular kwano, famfo da kayan faci. Waɗannan ne ke dawo da mahayi gida lafiya, kuma babu wanda zai turo masa takardar biyan kuɗinsu a ƙarshen wata.

Keke ya yi sama da shekara ɗari yana ba talaka da mai kuɗi abu guda: ya fita lokacin da ya ga dama, ya bi inda ya so, ba tikiti, ba mai, ba wanda ya rubuta sunansa. Kamfanonin da ke son su naɗi wannan tafiya, su jera ta a gasa, su sayar wa mai ita da damar kallonta, su ne ya kamata su kawo hujja, kuma abin da suka yi daga 2010 zuwa yau bai ba su ita ba. Mahayin da ya fita da safe, ya dawo da gumi a goshi da yunwa a ciki, ya yi tafiyarsa cikakkiya, ko an naɗa ko ba a naɗa ba.